Ƙwaya Bakwai a Gindin Randa

Ni Zira, ban taɓa zama a aji ba, amma duk unguwar Luggere babu wanda ya kai ni sanin dawa. Ranar da Boko Haram suka ƙone ƙauyenmu a bayan Michika, kowa ya ɗauki abin da ya ga dama. Ni zangarniya uku na tsinko daga saman murhu, inda muke rataye iri hayaƙi ya kare shi daga ƙwari. Da su a cikin riga na tako har Jimeta.

Shekara tara ina shuka jar dawar kakanninmu a bayan gida. Sai ambaliya ta cinye gonar. Zangarniya ɗaya ta rage, tsohuwa, baƙa ƙirin da hayaƙi.

A makon ne Malama Rhoda, maƙwabciyata 'yar Numan, ta zo da wata takardar Turanci mai labarin ƙauyenmu.

"Baba, sun ce annihilation aka yi muku."

"Mene ne kuma wannan, 'yata? Ciwo ne?"

Ba ta yi dariya ba. Ta ce Turawa ma aro suka yi daga Latin, harshen Romawa na zamanin Yesu. A cikin kalmar akwai nihil, wato babu. Ba rushewa ba, ba ƙonewa ba, don toka ma abu ce. A mayar da abu babu.

Ashe tun shekara dubu biyu wasu suka ga irin abin da na gani, har suka raɗa masa suna! Ni da na kwana biyar ɓoye a kan dutse lokacin harin ban ji tsoro ba, ranar na ji. In zangarniyar nan ta mutu, takardar ta yi gaskiya.

Na murje ƙwaya ashirin, na naɗe a jiƙaƙƙen buhu, na tura gindin randa yadda uwata take gwada iri. Kwana uku ban buɗe ba. Ran na huɗu da safe na kira Rhoda.

"Ke mai boko, buɗe ki ƙirga."

Ta durƙusa ta warware buhun. Fararen tsiro ne, sirara kamar zare.

"Bakwai, Baba," ta ce a hankali.

"To, a Latin ɗin naku, bakwai babu ne?"

Ta daɗe tana kallonsu, sannan ta ce bayan gidanta tudu ne, ruwa ba ya kaiwa.

Na tashi na ɗauko fartanya.