Layar da Ba a Buɗewa

Kassimu bai taɓa riƙe bindiga ba sai a shekarar da Hamad ya fito daga kurkuku. Kafin nan abin da hannunsa ya sani sitiyari ne, don ya fi shekara ashirin yana jan kaya daga wani sito na Khumra zuwa cikin Jidda. Mutumin Tasawa ne, ɗan gidan dukawa, mai sanyin hali har yana ba mutum haushi. Ko kaza matarsa Rakia ta sayo, sai ta nemi maƙwabci ya yanka mata.

Hamad kuwa mai kula da ƙofar siton ne a da, Bahaushe haifaffen Jidda. Tayoyi suka riƙa yin ƙafa. Kafili, wato ubangidansu mai siton, ya tara ma'aikata, kowa ya ce bai ga komai ba, har aka zo kan Kassimu aka ce ya rantse. Shi ko ba ya rantsuwa a kan ƙarya. Ya faɗi abin da ya gani, aka tafi da Hamad, ya sha zama.

Da ya fito bai yi zagi ba, bai yi barazana ba. Da ma ya yi, da ya fi sauƙi. Sai kawai aka fara ganinsa da safe a bencin mai ful, wato dafaffen wake, daidai ƙofar gidan da su Kassimu ke haya a Sharafiyya, da kofin shayi a hannu. Kassimu na fitowa, sai ya ɗaga kofin.

"Sabahal khair, ya Abu Mastura. Yaya gida? Yaya Mastura?"

A da "ya Gasim" yake ce masa, kamar kowa a wurin aiki. Kuma Kassimu bai taɓa faɗin sunan 'yarsa a sito ba, ba ya cikin mazan da ke kai sunan matan gidansu bakin aiki. Ita kaɗai Allah ya bar musu, budurwa ce, tana zuwa koyon ɗinki a layi na gaba. Ran nan Hamad ya ce ai ya ga ta sauya jaka, wannan ruwan tokar ta fi kyau. Kassimu ya shiga mota ya tafi aiki.

To wa zai kai wa ƙara? Ya ce me, wani yana gaishe shi? Tsoro ya ci shi ya cinye, har ya kai shi wurin Othman.

Othman Bahaushen Sudan ne, yana gyaran na'urar sanyaya ɗaki a wani lungu na Khumra, kuma an san ba ita kaɗai yake taɓawa ba. Bayan la'asar ya jawo ƙofar shagon rabi, ya zura hannu cikin gawar wata na'ura, ya fito da ƙunshin tsumma mai maiƙo. Bindigogi uku ya jera a kan jarida.

Kassimu ya kai hannu kan babbar, don a ganinsa ita ta fi kama da abin da zai tsoratar da mutum. Othman ya yi dariya.

"Ya akhi, yaƙi za ka? Sa ta a aljihu mu gani."

Ya sa. Farar jallabiyarsa ta karkace gefe guda, siffar abin ta fito ɓaro-ɓaro, ko makaho zai shafa ya faɗi sunanta.

"Yanzu yi sujada," in ji Othman.

Kassimu ya duƙa. Ƙarfen ya bugi siminti, ƙwal, ƙarar ta cika shagon.

"Ka ji ko? A masallaci sahu gaba ɗaya zai juyo. Kuma garin nan kowa sai ya rungume ka, ya manna ƙirji da naka. Bindigar da za ka yi yawo da ita kullum, wadda ba a gani ita ce bindiga. In aka gan ta a jikin baƙo mai zama da takardar iƙama irinka, khalas, ka san sauran."

Ya san sauran. Ya gwada ta tsakiyar, ita ma ta yi masa tudu a ƙugu. Ta ukun 'yar mitsitsiya ce, baƙa, tafin hannunsa ya rufe ta ruf. Ya raina ta.

"Wagga mi za ta yi ma mutum?"

"Daga nesa, ba komai. Daga nan zuwa ƙofar can, za ta yi abin da babbar za ta yi. Kai dai tambayi kanka, mutumin naka daga nesa zai zo?"

Kassimu ya tuna bencin mai ful, ya ce a ba shi ƙaramar. Othman ya nuna masa yadda ake ɗura ta da yadda ake kulle kunamar, sannan ya tambaye shi inda zai riƙa sa ta. Kassimu ya ce wannan ya bar masa.

Nan jinin dukanci ya motsa. Ya sayi jar fatar akuya a kasuwa, ya tono basillar ubansa daga ƙasan akwati, ya zauna cikin motar sito lokacin hutun azahar yana ɗinki. Ya yi mata gida mai kusurwa huɗu, ya cusa auduga ta ɓatar da siffar, ya yi wa bakin wani maɓalli na fata da ke shigewa ƙarƙashin ado, yatsa ɗaya ke buɗe shi in ka san wurin. Ya sa igiyar ƙugu, ya yi kwalliyar kore a gefe irin ta mutanen Tasawa. Da ya gama, duk wanda ya tashi a ƙasar Hausa ya gani zai ce laya ce, babba, irin ta mafarauta. Wayonsa ke nan, kuma ya ji daɗin wayon nasa ƙwarai. Mutanenmu ba sa tambayar namiji abin da ke cikin layarsa.

Rakia ta gani ranar farko, da ya tuɓe riga. Ta ɗaga ta a tafin hannu, ta ce kai, nauyi.

"Tsari ne," ya ce, bai dube ta ba. "Wani malami ya ba ni. Ya ce kada a buɗe, in an buɗe ya karye."

Ta mayar da sauri, da hannu biyu. Ita ba baƙuwar irin wannan ba ce. Ranar da za ta baro gida zuwa Jidda tana amarya, uwarta ta kwance layar ubanta daga ƙugunsa ta ɗaura mata a ƙarƙashin zani, don a gidansu haka ake yi wa mai tafiya mai nisa. Rakia ta sha ba da labarin nan, Kassimu ya ji shi har ya gaji, shi ya sa ma ya daina jinsa.

Abin mamaki, sai ga shi ya sauya. Ya koma cin abinci. Yana fita da safe kafaɗa a miƙe, hannunsa na dama na shafar ƙugu. Ran nan Hamad ya ɗaga kofi ya yi gaisuwarsa, Kassimu ya tsaya ya zuba masa ido, bai amsa ba, bai kuma kau da kai ba. Washegari benci ba kowa. Haka jibi, haka gata. Rakia da ke leƙe ta taga ta ga komai, ta ce a ranta lallai malamin nan ya san aikinsa.

Shi Kassimu bai yarda da shirun ba. Bindiga tana ƙugunsa, amma shi yana Khumra yini guda, yarinya tana Sharafiyya. Ya yanke shawarar tura Mastura wurin ƙanwarsa a Yamai, ta zauna har ƙura ta lafa. Mastura ta yi kuka. Ba ta taɓa taka ƙasar ba, Hausarta ma rabi Larabci ce.

"Abuya, ana ma a'raf ahad hinak. Ban san kowa ba wallahi."

"Za ki san su. Jininki ne."

Aka yi takardu, aka yanki tikiti, ba a gaya wa kowa ba sai maƙwabta biyu, wato dai an gaya wa unguwa. Ana gobe tafiya, Rakia ta sauko sayen burodi da hantsi, sai ga Hamad a benci, ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya. Bai taɓa yi mata magana ba sai ranar.

"Hajiya, na ji amarya za ta yi tafiya. Allah ya kai lafiya. Yamai gari ne mai kyau, ina da mutane a can. Zan sa su duba ta."

Ta koma sama ba burodi. Ba ta gaya wa mijinta ba, don ta ga ya fara samun barci, ba ta so ta mayar da shi gidan jiya. Ta zauna bakin gado tana kallon akwatin 'yarta.

Da safe Kassimu ya yi abin da duk mai hankali zai yi. Ya san filin jirgi ba wurin zuwa da ƙarfe ba ne, sai ya kwance layar, ya tura ta can cikin rigar matashin kai, ya fita ɗauko motar da ya aro. Rakia na tsaye bakin ƙofar kicin, tana ganinsa.

A hanya zafi ya yi zafi, mota ba sanyi. Mastura na baya cikin baƙar abaya, ta ɗan jingina gefe guda. Kassimu na ta duba madubi, yana neman ko wata mota na bin su. Ba wadda ke bin su. Da suka wuce gadar ƙarshe ya sauke ajiyar zuciya, har ya kunna rediyo.

Filin jirgi cike yake da masu komawa gida, da jarkokin zamzam da ƙullin barguna. Aka auna akwati, aka ba ta katin shiga. Suka raka ta har bakin shingen da ba a barin mai rakiya ya wuce. Mastura ta sumbaci goshin ubanta, ta rungume uwarta ta daɗe, sannan ta bi layi. Aka buga mata fasfo. Daga inda suke tsaye suna hango ta ta gilashi, ta nufi layin mata, inda ake bi ta ƙofar na'ura a shiga bayan labule a laluba mutum.

Kassimu ya ji wani sauƙi ya sauko masa tun daga wuya har gwiwa. Ya yi abin da ya dace. Ya fitar da ita daga bakin Hamad, ko me zai faru yanzu, tsakanin maza ne. Don sabo, hannunsa ya tafi ƙugu ya shafa wurin da babu komai.

Rakia ta ga hannun. Ta share hawaye da gefen mayafi, ta matso kusa da shi, muryarta ƙasa-ƙasa, irin ta wadda ta yi abin kirki tana jiran a yaba.

"Kada ka neme ta in mun koma, Malam. Na ɗaura ma ɗiyarka."

Bai gane ba da farko. Ya dube ta.

"Kin ɗaura mata mi?"

"Tsarin mana. Kai kana gida, ita ce za ta bi hanya. Yadda inna ta yi mini."

Ƙafafunsa suka riga kansa fahimta. Ya ture wani tsoho mai jarka, ya kai ƙirji ga shingen, wani ma'aikaci ya tare shi da hannu yana cewa mamnu'u, ya hajji, mamnu'u. Ya buɗe baki zai kira sunanta, sai ya rasa abin da zai biyo bayan sunan. Ya ce ta cire? A gaban wa? Ya ce ta dawo? An riga an buga mata fita. Duk kalmar da ya ɗauko, sai ya ga ita ce za ta jawo ido kanta. Kuma bindigar a ɗure take, shi da hannunsa ya ɗura ta.

Mace biyu suka rage a gabanta, sannan ɗaya. Mastura ta waiwayo, ta hango shi manne da shinge, ta ɗauka kewa ce. Ta yi masa murmushi, ta ɗan bubbuga ƙugunta ta saman abaya don ya san layar na tare da ita, hankalinsa ya kwanta. Sai wata ma'aikaciya ta yafito ta.

Rakia ta iso gefensa tana haki, ta kama hannun rigarsa.

"Haba Malam, kwantar da hankalinka, ba za ta karye ba. Na ja mata kunne sosai. Na ce ko wa ya tambaye ta, ko da faɗa ne, kada ta yarda a buɗe."

Ƙofar na'urar ta yi ƙara.