Layi Uku a Ƙasan Fom

A shekarar 1952 Zailani ɗan Burumburum ya kai ajin ƙarshe a Midil, ba abin da ya sa a ransa sai kwalejin horon malamai. Jarrabawa ya cinye ta sarai. Abin da ya tsaya masa a wuya layi uku ne a ƙasan fom, inda aka ce yaro ya rubuta abin da yake yi ban da karatu, da taimakon da ya taɓa yi wa jama'a.

Abokansa ko a jikinsu. Wannan sikawut ne, wancan kyaftin ɗin ƙwallo, har wani malalaci da bai taɓa ɗaga bokiti ba ya naɗa kansa sarkin lambun makaranta. Zailani kuwa aiki ɗaya ya sani. Tun yana ɗan shekara goma sha biyu, duk hutu yana bin kawunsa makabarta suna haƙa kabari don neman lada. In an yi rasuwa sai a gwada tsawon mamaci da karan dawa, a karya daidai, a aiko musu su haƙa a kan wannan awon.

To, a hankali sai ya daina bukatar karan. Kafin ɗan aike ya iso ya riga ya shata ƙasa, in an ɗora karan ya zauna cif. Daga nan idon nasa ya ƙi tsayawa a kan matattu. Yana cikin gaisawa da mutum lafiyayye sai ya ji awonsa ya faɗo masa a rai, tsawo da faɗin kafaɗa. Ba kowa ba, jefi-jefi ne, amma wanda abin ya faɗo a kansa ba ya ganin kaka mai zuwa. Mutanen gari ba wawaye ba ne, sun lura. Ranar da mahaifiyarsa, Turai, ta ja mayafi ta kau da kai don kada ya dube ta da kyau, ya zagaya bayan rumbu ya yi kuka mai isarsa. Kwaleji yake so don ya je inda ba wanda ya san ya taɓa riƙe dagi.

Saboda haka ya so ya bar layukan fili. Malamin ajinsu, Malam Balarabe, ya ce bai isa ba. Yara sun yi yawa, gurbi kaɗan, in maki ya zo ɗaya waɗannan layukan ake dubawa, kuma aikin lada ba abin kunya ba ne. Zailani ya matse rubutu kamar mai tsoron takardar ta ji, ya sa: haƙa kabari, shekara huɗu.

Aka kira su ganawa cikin bazara. Kwalejin sabuwa ce, can nesa da gari. Yara wajen sittin suka jeru a inuwar bango suna ta surutu, shi kuwa yatsun ƙafarsa kawai yake kallo.

A ciki ya tarar da Bature shugaban kwaleji da wani dattijo, Malam Abdussalami, mai kula da ɗakunan kwana. Baturen ya tambaye shi lissafi yana hamma. Dattijon ya ja fom, yatsansa ya tsaya a ƙasa. Bai yi dariya ba. Ya tambaye shi ko ya iya ƙasa mai marmara, ko kuma shi kaɗai zai gama kabari ɗaya tsakanin hantsi da azahar. Zailani ya amsa. Dattijon ya raɗa wa Baturen magana, hamma ta ɗauke, Baturen ya sa hannu bai dubi yaron ba. Sauran yara sai bayan wata guda za su ji sakamako, shi nan take aka damƙa masa takardar shiga.

Murna ta cika shi. Dattijon ya fitar da shi ta ƙofar baya, suka wuce ɗakin kwana, suka ɓulla wani fili da aka kewaye da ƙaya. Kaburbura ne, wajen goma sha biyu, a karkace, wasu sun lotsa. Zailani ya gane aikin wanda bai iya ba ne, mai sauri ya gama ya gudu. Dattijon ya ce sanƙarau ne, duk bazara sai ya shigo, gari ya yi nisa, leburori kuma sun ce su kam sun bar haƙa kabari.

"Ɗana, gado talatin gare mu, amma talatin da huɗu muke ɗauka. Kafin ruwan farko lissafin yakan daidaita kansa."

"Allah gafarta Malam, da ban rubuta ba fa?"

"Masu irin makinka sun fi ashirin a bakin bangon can. Mai irin aikinka kai kaɗai ne."

Suka zagayo inda yaran suke jira. Dattijon ya dafa kafaɗarsa, ya ce tun shigowarsa ya lura ba ya duban fuskar kowa, kuma ya san abin da ke sa mai haƙa yin haka.

"Ɗaga kai ka dube su. Gara mu san nawa za mu shirya bana."

Zailani ya dubi takardar da ke hannunsa, sunansa ne a kai da hatimin kwaleji. Ya ninke ta a hankali ya sa a aljihu, sannan ya ɗaga kai.