Ƙarar Buba a Kan Kaset

Shekarar da ɓarayi suka addabi rugagen Doguwa, an tsinci gawar Sale, ɗan farin Buba, a bakin rafi. Ya bi sawun shanun da aka sace musu ne, bai dawo ba. Ko sadakar arba'in ba a yi ba, wani mai kukuma da ake kira Bature ya fitar da kaset, ya jera sunayen ɓarayin daji, ya saka Sale ɗan Buba a na uku. Kaset ɗin ya karɓu kuwa, daga tashar Tudun Wada har teburan masu shayi a Bebeji.

Buba mutum ne da ko akuyarsa aka ci ba ya zuwa gaban hukuma, amma wannan ta fi ƙarfin haƙurinsa. Ya shigar da ƙara, yana neman a hana sayar da kaset ɗin, a wanke yaron.

Ranar zama alƙali ya tambaye shi, "Wane ne aka ɓata wa suna, kuma mene ne tsakaninku?"

Nan gizo ya yi saƙa. Bafulatani irin Buba ba ya kama sunan ɗan fari, ba ya nuna shi a cikin mutane ya ce nasa ne. Shekara ashirin da shida, "wancan" yake ce masa. Ya sunkuyar da kai, ya ce, "Allah ya gafarta malam, wani yaro ne a rugarmu."

Sau uku ana tambaya, amsar ba ta sake ba. Alƙali ya ce wanda abu bai shafa ba ba shi da bakin ƙara, ya kore ta.

Buba ya kora shanu kudu cin rani, baƙin ciki na cinsa. Matarsa Kyauta ta juya masa baya, kuma hakan ya fi zagi ciwo. Da ruwan farko ya sauka, ya dawo, ya sa aka rubuta masa takardar roƙon a sake duba ƙarar.

Alƙalin ya gane shi. A hankali ya ce, "Malam Buba, wata biyar ke nan. Kwana talatin doka ta ba ka, sun wuce. Hannuna a ɗaure yake."

Buba ya matso gaba, riƙe da malafarsa.

"Sale," ya ce. "Sunansa Sale. Ni na haife shi. Bai taɓa ɗaukar ko igiyar wani ba."

Alƙali ya ce ya ji, amma hukunci yana nan yadda yake.

"To, ko a bayan takardar ne," in ji Buba, "a rubuta cewa ɗana ne."

Magatakarda ya dubi alƙali, alƙali ya kau da kai. Sai magatakardan ya juya takardar, ya rubuta.