Katin Masu Gida

Abdurrahim ya sake manna katinsa a jikin na'urar cajin mota da ke garejin benensu a unguwar Madinat Nasr ta birnin Alƙahira. Ta yi 'yar ƙara, jar fitila ta kama. Batirin motarsa ya kusa ƙarewa, ga shi jirgin mahaifiyarsa daga Kano zai sauka kafin azahar.

"Ma'alish, yi haƙuri ya ustaz, kada ka wahalar da kanka," in ji Isam mai gadi. "Kwamitin bene ya sauya tsari. Caji kyauta na waɗanda suka sayi gida ne. 'Yan haya sai sun biya kuɗin rajista da na wata-wata, sannan su jira kwamiti ya zauna."

"Wa ya kawo wannan maganar?"

"An ce wani ne ya kai ƙara, wai ana kankane wurin."

Abdurrahim ne da kansa ya kai ƙarar. Ya tare shugaban kwamitin, Ustaz Alaa, a bakin masallaci, ya ce akwai masu barin mota a kan caji yini guda, ya kamata a sa doka. Bai ambaci suna ba, amma Mainasara yake nufi.

Ɗaki ɗaya suka zauna da Mainasara a unguwar Arba wa Nus lokacin suna ɗalibai. Abdurrahim ne yake yi masa bitar nahawu kafin kowace jarrabawa, duk da haka Mainasara ya faɗi, ya bar karatu, ya shiga kawo marasa lafiya daga Najeriya zuwa asibitocin Alƙahira. Yau Mainasara ya sayi gida a hawa na biyar na benen nan, shi kuwa mai digiri yana tafinta a ofishin jakadanci, yana haya a hawan ƙasa. Abu guda da ya riga shi shi ne motar lantarki. Ita ma ba a daɗe ba Mainasara ya shigo da tasa, baƙa, doguwa, har matan bene suna leƙowa ta taga.

Yana nan tsaye da waya a hannu sai ga Mainasara ya fito, ƙamshin turarensa ya riga shi isowa.

"Malam! Lafiya na gan ka kana gumi?"

"Katina ne ya ƙi."

"Kai, ai na ji wannan rashin kirkin. Ko wane marar aikin yi ne ya kai ƙara oho." Ya ciro nasa katin ya manna, koriyar fitila ta kama nan take. "Amma wannan sai ta ɗau lokaci kafin ta cika. Ba yau Hajiya za ta sauka ba? Yalla, ɗauki tawa."

"A'a, zan hau tasi."

"Ka sa Hajiya a tasi ina raye? Khalas, magana ta ƙare." Ya danƙa masa makulli ya wuce abinsa.

A hanyar filin jirgi Abdurrahim ya yi ta neman abin kushewa a motar. Kujera ta yi laushi da yawa, sanyin ya cika ƙarfi. Bayan haka bai sami komai ba.

Hajiya Zulaihatu ta fito tana jan ƙafa a hankali. Da ya buɗe mata ƙofa sai ta tsaya, ta shafa fatar kujerar, idanunta suka kawo ruwa.

"Abdurrahimu, ashe haka Allah ya buɗa maka? Su suka ce karatun addini ba ya kai mutum ko'ina. Tsaya nan ka ɗauke ni hoto, in tura wa ƙannen babanka."

Ya buɗe baki zai yi magana. Ta riga ta gyara mayafi, ta ɗora hannu a kan ƙofar tana murmushi.

"Matsa dama kaɗan, Hajiya," in ji shi, "motar ba ta fito duka ba."