Kayan Anisa a Bakin Shinge

Jami'in ya zazzage jakar bakkon a kan tebur, tsummokaran da Sallau ya naɗe kayan da su suka shiga warwarewa ɗaya bayan ɗaya. Da fari wani faifai kore mai faɗin tire ya fito, jikinsa cike da ƙananan ƙarafa. Sai akwatin ƙarfe mai jelar wayoyi, baƙaƙe da rawaya. Sai wata 'yar sirinji da wani abu toka-toka a cikinta. A nan jami'in ya daina taɓawa, ya ja da baya, ya kira shugabansu, wanda suke ce wa Shef.

Shingen shiga Matameye ne. Daga nan Sallau yana hango dogon ƙarfen sadarwa na unguwarsu, tafiyar da ba ta kai a gama shan shayi ba. Shekara goma sha tara yana wuce igiyar wannan shinge, ya tafi Kano cirani bayan an gama girbi, ya yi wata bakwai yana sayar da shayi, ya dawo in hadari ya fara haɗuwa. Ba a taɓa tambayarsa abin da ya wuce takardar ɗan ƙasa ba. Yau ga shi tsaye, sauran fasinjoji sun leƙo ta tagar motar haya suna kallonsa.

Kayan na 'yarsa Anisa ne. Ta koyi gyaran waya a Damagaram, ta dawo ta buɗe ɗan shago kusa da tasha, kuma shekara biyu ke nan ba ta da zance sai na haɗa kwamfutar wasa da hannunta. Sabuwa ta fi ƙarfinta, don haka ta zauna ta zaɓi kayan gwanjo ɗaɗɗaya, wanda zai yi aiki da wanda aljihu zai iya. Sallau ya yi kwana uku a kasuwar kayan lantarki ta Kano, waya a kunne, ita tana faɗa da Faransanci, masu shaguna suna amsawa da Turanci, shi kuma yana tsakiya kamar akuya a wurin ciniki. Ranar da ta ce ya nemo alimantasiyo, kalmar da ya saba gani a kan shagunan abinci a gida, sai da ya tambayi inda ake sayar da kayan abinci, aka yi ta yi masa dariya kafin a gane akwatin wuta take nufi.

A kan akwatin nan ne ta fi ja masa kunne. Ta ce ko'ina yana iya rage kuɗi, katin hoto, wanda ke fito da hoton wasan, ko ya tsufa ba laifi, amma ban da akwatin wuta. Ya ɗauka ya ji a hannunsa: in ya yi nauyi kusan tiyar gero, mai kyau ne, in ya ji shi sakayau ya ajiye, irinsu ne ke fashewa su ƙone komai. Sallau ya ce to. Amma a shago na ƙarshe mai kayan ya kunna masa wasu fankoki uku masu fitila, ja ya koma kore, kore ya koma shuɗi. Duk abin da ke cikin jerin Anisa baƙi ne ko ruwan toka, shi kuma rabonsa da ya saya mata wani abu don kyansa kawai tun tana 'yar firamare. Mai shagon ya ce wuta ai wuta ce. Sallau ya ɗauki akwati mara nauyi, rarar kuɗin ta tafi a fankoki, ya bar maganar a cikinsa.

Shef ɗin ya fito yana goge hannu. Dattijo ne mai furfura a saje, ba ya ɗaga murya, kuma wannan ya fi tsawa ba Sallau tsoro. Ya tambayi mene ne waɗannan. Sallau ya ce kayan kwamfuta ne. Shef ya nuna faifan ya ce me yake yi, ya nuna sirinjin ya ce me ke ciki. Shekaranjiya a Kano Sallau ya san sunan kowanne, har yana yi wa wani mai shago gyara. Yanzu ya laluba kansa bai samu ko ɗaya ba.

Shef ya karɓi wayarsa. Akwai saƙon murya da ya shigo da safe suna hanya, wanda Sallau bai saurara ba saboda ƙugin mota. Shef ya danna, muryar Anisa ta fito tar a gaban kowa.

"Baba, Allah ya kawo ka lafiya. Ka riƙe jakar a cinyarka, kada a ɗora ta saman mota rana ta dake ta. Wallahi na ƙosa. Jiya na hango mutum uku a kan gada, kafin in harba abin ya tsaya mini, suka tsere. Amma in na haɗa wannan, ko daga nesa ba wanda zai kuɓuce mini. Su Mahamadu sun ce in shirya, ranar Asabar za mu shiga."

Shef ya ɗaga wa direba hannu, aka sauke igiya, motar ta wuce da sauran kayan Sallau a samanta. Fuskar da ya gani ta ƙarshe ta Maryama ce, maƙwabciyarsu, ta dafe baki da gefen hijabi.

"Muryar wa ce?" in ji Shef.

"Kayana ne, Shef. Ni na saya, ni za a tambaya."

Shef ya ce shi ba mai kaya ya tambaya ba, mai murya ya tambaya. Sallau ya sunkuyar da kai. Aka shigar da shi ɗakin shingen, aka nuna masa benci. Shef ya faɗa masa, cikin wannan sanyin muryar, cewa in la'asar ta yi ba bayani, motar Damagaram za ta tafi da shi da kayan, mai lambar wayar kuma nemo ta ba wuya.

Tafiya Damagaram ba ita ce ta fi cin Sallau ba. Mutum ya kai shekarunsa, in an ɗaure shi an ɗaure tsohon itace. Abin da ya kama masa ƙirji shi ne a je a ɗauko Anisa daga shagonta a gaban jama'ar tasha. Daga nan wani tsoron ya taso daga ƙarƙashin wancan, wanda ya fi shi muni. Wace gada ce? Ina za su shiga ranar Asabar? Ta ce masa wasa ne, shi kuma bai taɓa tambaya wane irin wasa ba, domin kada a ce tsoho bai waye ba. Amma wane wasa ne zai ci gumin shekara biyu? A rediyo ya sha jin yadda ake jan hankalin matasa ta waya, iyayensu suna gida ba su san hawa ba, ba su san sauka ba. Wata bakwai a kowace shekara ba ya nan. Ya san nauyin Anisa ranar da aka haife ta, bai san abin da take kallo a waya ba. Ya yi a'uziyya, tunanin ya tafi, ya sake dawowa. Kunya ta rufe shi, amma kunyar ba ta kori tsoron ba.

Rana ta take tsaka sa'ad da ya ji babur ɗin kabu-kabu ya tsaya a waje. Maryama ba ta ko biya gida ba, shagon Anisa ta nufa kai tsaye, ta faɗa mata duk abin da ta gani da abin da ta ji. Anisa ta shigo da ƙura a hijabinta, ta durƙusa ta gaida mahaifinta, sannan ta gaida Shef.

"Muryata ce, Shef. Kayan ma nawa ne, aikensa na yi."

Sallau ya so ya ce ƙarya take yi, amma ta riga shi buɗe baki. Ta yi bayani dalla-dalla. Mahamadu ɗan kawunta ne da ke karatu a Damagaram, su huɗu suke wasa ƙungiya ɗaya, ranar Asabar akwai gasa. Abin da ke cikin sirinji man da ake shafawa ne don kada na'ura ta yi zafi. Ta buɗe wayarta ta nuna masa wasu 'yan mutane kamar na zane suna gudu a kan gada da bindigogi. Shef ya kalla har ƙarshe bai yi murmushi ba. Ya ce abin da ke cikin waya daban, abin da ke kan teburinsa daban. In kwamfuta ce, ta yi abin da kwamfuta ke yi ya gani da idonsa.

Aka ɗauki teburin da kayan a kansa, aka kai shi can gindin darbejiya, nesa da ɗakin. Aka jawo doguwar wayar wuta, aka kawo talabijin ɗin da suke kallon ƙwallo. Sannan jami'an suka koma bayan buhunan yashi. Ƙaramin cikinsu, wanda ya zazzage jakar, ya sauke bindigarsa daga kafaɗa ya riƙe ta a hannu biyu. Shef ya ce uban ya tsaya kusa da 'yarsa.

Anisa ta shimfiɗa kwali, ta ɗora faifan a kai, ta shiga aiki. Sallau bai taɓa ganinta haka ba. Ta danna wannan har ya ce ƙas, ta ɗiga man kamar ƙwayar wake, ta ɗaure fanka a kai, ta soke katin hoto a raminsa. Akwatin wuta yana gefen tebur inda aka ajiye shi, jelar wayoyinsa kawai ta jawo ta jona. Ba ta ɗaga shi ba. Sallau yana ta kallon akwatin. Da yake babu maɓallin kunnawa, ta ɗauki sukudireba, ta ce za ta taɓa wasu 'yan allurai biyu a jikin faifan ne, shi ke nan ta tashi.

Ya dubi yaron nan mai bindiga, ya dubi yatsansa. Ƙara ɗaya ta isa ta sa ya harba, ko da ta ƙwan fitila ce.

"Anisa, dakata. Ɗaga akwatin nan ki ji."

Ta dube shi, ta ajiye sukudireba, ta ɗaga akwatin da hannu ɗaya. Ya taso mata kamar gwangwanin madara da aka shanye. Ya ga fuskarta ta canza.

"Baba," ta ce, a hankali. Ta ajiye akwatin.

Daga bayan buhuna Shef ya tambayi me ke faruwa. Sallau ya juya, ya faɗi gaskiya da ƙarfi yadda kowa zai ji: an aike shi ya sayo mai kyau, ya sayo mai araha, ya ɓoye wa yarinyar. Shef ya ce to in an kunna me zai faru. Anisa ta ce zai iya yin ƙara ya yi hayaƙi, amma ba zai ji wa kowa ciwo ba, kayanta kawai zai ƙona. Kalmar fashewa da ta faɗa masa a waya ba ta maimaita ta a nan ba. Sannan Shef ya ɗora hannu a kan bindigar yaron ya sunkuyar da bakinta ƙasa, ya ce a ci gaba.

Ta zare katin hoton, shi ne mai cin wuta da yawa, ta naɗe shi a tsumma ta miƙa wa mahaifinta ya riƙe. Ta mayar da wayar talabijin jikin faifan. Ta yi bisimilla, ta taɓa alluran. Sallau ya runtse ido.

Ya ji wani ɗan sauti, fuuu, kamar mai hura koko. Ya buɗe ido ya ga ƙaramar fanka tana juyawa. Talabijin baƙi ƙirin. Ya ƙirga numfashinsa har bakwai. Sai fuskar talabijin ta yi haske, rubutu fari ya jeru a kai, da lambobi suna motsi a gefe.

Shef ya tako ya zo, ya duƙa ya karanta, ya daɗe yana kallon fankar. Ya ce su tattara kayansu. Ya miƙa wa Sallau wayarsa ya ce nan gaba ya san abin da yake ɗauke da shi kafin ya tunkaro igiya. Ita kuma ya ce ta riƙa auna abin da take faɗa a waya, zamanin ba na wannan ba ne.

A ƙasa suka shiga gari, ita ke ɗauke da jakar. Tsoro ya sake ta, sai surutu ya zo. Ta ce ba za ta sa katinta a kan wannan akwatin ba ko da wasa, sai an samo mai nauyi, Asabar ɗin nan kuwa da waya za ta shiga, su Mahamadu su yi haƙuri. Ta kwaikwayi yadda yaron nan ya riƙe bindiga, ta yi dariya har da tsayawa.

"Ni fa, Baba, wai ni suka ɗauka wani abu. Da aka sa saƙon nan, kai me ka ce a ranka?"

Sallau ya yi tafiya kusan taku ashirin bai amsa ba. Wani amalanken jaki ya wuce su. Dariyar Anisa ta ragu, ta ragu, ta ƙare. Ta dube shi sau ɗaya, ta mayar da idonta kan hanya.

"Asabar ɗin nan," in ji shi, "da yaushe kuke farawa?"

"Bayan la'asar."

"Ki ajiye mini kujera kusa da ke."

Ta ce to, ba ta dube shi ba, ta sauya wa jakar hannu.