Ƙaramar Bindigar Madam Nuf

Bindigogi uku mai koyar da harbin ta jera a kan wani baƙin ƙyalle, Madam Nuf kuwa ta sake ɗaukar ta tsakiyar tana juya ta a tafin hannu. Zuhura tana tsaye a bayanta, jakar yarinya a kafaɗa, hannun Ghala, 'yar Madam, a cikin nata. Tun a mota aka gaya mata aikinta na yau: ta riƙe yarinyar, kada ta bari ta taɓa komai.

Wurin harbin yana can gaba da dogayen benayen unguwar Ulaya ta birnin Riyad, kuma da ba a faɗa wa mutum ba sai ya ɗauka asibitin masu hali ne. Ga sanyi, ga ƙamshin turaren wuta, ga kujeru masu laushi, har da mai sayar da gahawa a lungu. Madam ta fara zuwa ne da ƙawayenta, abin ya shiga ranta, yanzu tata take so ta kanta. Ba don tsaro ba, don dai ta riƙa huda takarda ranar Alhamis. Mijinta ya ce ta zaɓi wadda ta yi mata.

Mai koyarwar budurwa ce, ta ɗora hular hana-sallah a kan ɗankwalinta. Da ɗan Larabcin da Zuhura ta tsinta a kicin take bin bayanin. Dukansu ƙaramin harsashi suke ci, wanda ake kira ashirin da biyu, kuma kowacce ita take ɗora wa kanta sabon harsashi bayan an harba, mutum sai dai ya yi ta jan kunama. Ta farkon jikinta roba ne, ba nauyi, amma tana da tsirfa, in harsashin ba mai kyau ba ne sai ta shaƙe. Ta biyun tana da dogon baki da nauyi, ba ta zillo a hannu, ta fi kowacce saiti, wanke ta ne dai wahala. Ta ukun mariƙinta ya yi wa hannun Madam kauri, tuni aka ture ta gefe.

Budurwar ta ɗaga harsashi ɗaya tsakanin yatsunta tana dariya, ta ce ai wannan abin wasa ne, ƙararsa ba ta kai ta rufe ƙofar mota ba.

Madam ta waigo. "Zuhura, ke fa? Mara nauyin ko mai nauyin?"

"Duk suna da kyau, Madam."

Suka yi mata dariya su biyun. Ita dai idonta yana ƙasa.

Aka ba Madam abin toshe kunne da tabarau, ta bi budurwar ta wata ƙofar gilashi mai kauri don ta gwada guda biyun. Zuhura ta zauna da Ghala a doguwar kujera, inda ake hango masu harbi ta bayan gilashin. Sautin yana fitowa a daƙushe, tas, tas, kamar ana yin gugguru a gidan maƙwabta. Ta ji za ta iya jure wannan. Ta matse gwiwoyinta, tana salati a zuci.

Ghala ta manna hancinta da gilashin, bakinta duk cakuleti, tana cewa ga Mama can, ga Mama can. Shekararta huɗu, sa'ar Turai ce, ɗiyar Zuhura da ke Gusau wurin kakarta. Aikin gidan nan shi yake riƙe da su a gari. Ran da aka mayar da Zuhura maktab, ofishin da ya kawo ta ƙasar, aka ɗora ta a jirgi, to tsohuwar da yarinyar ba su da wurin komawa sai ƙauyen da suka baro. Don haka ba ta musu, ba ta ɗaga ido, ko kofi ba ta taɓa fasawa ba.

Wasu maza biyu suka shiga da doguwar bindiga a cikin jaka. Jim kaɗan wani ma'aikaci ya zo da keken kwalaye, ya tokare ƙofar gilashin da ƙafarsa, yana kokawa da tayar da ta maƙale. A daidai lokacin ne doguwar bindigar ta tashi.

Ba gugguru ba ne wannan. Zuhura ta san muryar nan.

Ta san ta tun wata ranar kasuwa da la'asar, lokacin da dawa ta wuce tsayin mutum. Babura suka ɓullo ta hanyar rafi, kowanne da goyon mutum biyu. Nu'uman, mijinta, yana kwance wa jaki kaya aka same shi a wuya, ya zauna daɓas kamar wanda ya gaji. Mata suka zuba cikin gona. Duk macen da ke ƙauyukan nan ta san abin da ake yi, domin tsofaffi suna koya wa amare shi kamar yadda suke koya musu tuƙin tuwo: ki kwanta a kan ɗanki, ki toshe masa baki, kada ki saki. Ko ya cije ki, ko ya yi miki fitsari, ko ya daina motsi, kada ki saki sai baburan sun tafi. Sabuwa, maƙwabciyarta, tana kwance kusa da ita a kan ɗanta, tausayi ya kama ta ta sassauta hannu. Kuka ɗaya yaron ya yi. Aka juyo da bakin bindiga wajen, karan dawa suka riƙa karyewa suna zubo musu, wani abu mai ɗumi ya fantsamo wa Zuhura a wuya. Ba ta saki Turai ba.

Ba ta san lokacin da ta fizgo Ghala daga jikin gilashin ba. Ta maka ta da ƙasa a bayan kujerar, fuskar yarinyar ta bugi tayil, ta faɗa a kanta da duk nauyinta, ta danne mata baki da tafin hannu. Ghala ta yi ta shure-shure. Takalminta ɗaya ya fita. Ta kafa haƙora a naman hannun Zuhura har suka nutse, jini ya biyo tsakanin yatsu, Zuhura ta ƙara dannawa.

"Yi shiru, Turai," take raɗa mata da Hausa. "Yi shiru, sun kusa wucewa."

Bindigar ta sake tashi kafin ƙofar ta rufe. Wata mata ta ƙwalla ihu, kofin gahawa ya tarwatse. Zuhura ta ji an kama ɗankwalinta ta baya an ja har da gashi, ba ta saki ba. Wani abu mai tauri ya sauka a kunnenta, ya sake sauka, abin toshe kunnen ne Madam take dukanta da shi har ya rabe biyu. Madam tana zaginta, tana yagar fuskarta da farce, tana kiran sunan 'yarta. Sai da mai gadi ya zo ya taka mata ƙafa da takalminsa, ya murɗe hannun baya har kafaɗar ta yi ƙara, sannan tafin ya bar bakin yarinyar.

Ghala ba ta yi kuka nan take ba. Leɓɓanta sun yi duhu, idonta a kafe. Sai ta ja numfashi da wani irin sauti, ta amayar da cakuletin haɗe da jini, sannan kukan ya zo. Leɓenta na sama ya fashe, goshinta ya fara tashi.

Zuhura tana durƙushe, mai gadin yana riƙe da wuyan abayarta. A hankali ta ga tayil, ta ga kujera, ta ga mutane sun kewaye ta da wayoyi a hannu. Babu dawa a wurin. Madam ta rungume yarinyar da hannu ɗaya, ta matso ta wanke Zuhura da mari, ta ƙara mata.

Mai gadin ya tambaya ko a kira 'yan sanda. Madam ta ce a'a, 'yar aikinta ce, ita za ta yi maganinta. Mai koyarwar ta biyo su har ƙofa tana ba da haƙuri, bindigogin biyu suna can ciki inda aka bar su.

A waje rana ta daki kwalta har tana rawa. Laouali, direban gidan, dattijo mutumin Maraɗi, ya fito daga mota da sauri. Ya dubi yarinyar, ya dubi hannun Zuhura da ke ɗiga. Madam ta ce ya kai su asibiti, gobe da safe kuma ya kai wannan mahaukaciyar maktab da akwatinta. Ta kira mijinta, bai ɗauka ba. Ta sake kira, ta jefa wayar a cinya.

Da yake kujerar yarinyar a baya take ɗaure, a can aka sa ta. Madam ta zauna gaba, ta umarci Zuhura ta manne da ƙofa, in ta kuskura ta taɓa 'yarta sai ta karya mata hannu. Laouali ya miƙo wa Zuhura rawaninsa ba tare da ya waigo ba.

"Naɗe hannun, ɗiyata. Harbi kika ji?"

"Babbar ce, Baba Laouali."

"Kika rufe mata baki."

Zuhura ta naɗe hannun da rawanin.

Ya tuƙa har suka hau babban titi kafin ya yi wa Madam magana da Larabcinsa na direbobi. Ya ce shi ba zai hana ta abin da ta yi niyya ba. Amma a ƙasarsu, ta nan gefen iyaka da ta can, haka mata suke yi wa 'ya'yan da suka haifa idan 'yan bindiga sun shigo. Ya ce ƙanwarsa ma tana da irin wannan tabon cizon a hannu. Mace ba ta kwanciya a kan ɗan da ba ta so, gudu take ta bar shi.

Madam ta ce ya yi mata shiru, nan Riyad ce, ba dajinsu ba.

Suka tsaya a danja. Ghala ta gaji da kuka, sai ajiyar zuciya take. Wata baƙar mota ta samari ta tsaya gefensu, irin wadda ake gyara wa salansa don ta riƙa tsawa. Da fitila ta ba da hannu yaron ya taka ta, salansar ta yi harbi sau uku a jere.

Jikin Zuhura ya zabura gaba ɗaya. Ta cusa hannuwanta biyu ƙarƙashin cinyoyinta, ta zauna a kansu, ta runtse ido. Ta ce wa kanta mota ce, mota ce. Sai ta ji ana jan hannun rigarta.

Ghala ce ta zare kafaɗarta daga ɗamarar kujerar, ta karkato iya ƙarfinta. Ta ja hannun Zuhura, wanda aka naɗe da rawani, ta ɗora shi a kan fasasshen bakinta da kanta. Ta riƙe shi da hannu biyu, idonta a waje, ba ta ko motsi.

Zuhura ba ta danna ba, ba ta kuma janye ba. Ta ɗaga ido a tsorace, suka haɗa ido da Madam, wadda ta juyo gaba ɗaya a kujerarta. Motocin baya suna ta hon, Laouali ya ja a hankali.

Madam ta daɗe tana kallonsu.

"Wace ce Turai?"

"Ɗiyata ce, Madam."

"Ita ma haka kika yi mata?"

"Eh."

"Tana ina yanzu?"

"Tana da rai."

Madam ta juya ta fuskanci titi. Ana fara hango asibitin wayarta ta yi ƙara. Mijin ne. Zuhura ta ji muryarsa sama-sama yana tambayar lafiya, ya ga kira har biyu.

Madam ta ce Ghala ce ta faɗi a kan tayil, leɓenta ya fashe, ga su nan za su nuna wa likita. A'a, ba sai ya zo ba. Ya yi wata tambayar.

"Mai nauyin," ta ce. "Ta fi zama a hannu. Ranar Alhamis zan koma, amma ni kaɗai."

Ta kashe wayar. Da motar ta tsaya ta ce wa Laouali ya nemi wurin ajiye ta a inuwa, za su ɗan jima, don sai an duba hannun wannan ma, cizon mutum ba a wasa da shi. Ta fito ta buɗe ƙofar baya, ta miƙa hannu za ta ɗauki 'yarta. Ghala ba ta saki rawanin ba.

Madam ta tsaya a cikin ranar, hannunta a miƙe. Can ta sauke shi.

"To ɗauko ta," ta ce. "Ki yi a hankali."