Maƙogwaron Babur a Motar Baba

Auta na ƙarƙashin bonet yana ɗaure kusar ƙarshe sai ga Yaya ya shigo, hannu a baya kamar mai duba-gari.

"Mutum da furfurarsa, ka cire wa motar Baba kafireta ka liƙa mata kayan babur. Saura ka saya mata hular kwano."

"Maƙogwaron iska ne kawai, Yaya. Kowace silinda da nata. Iska ta shiga, injekta ta fesa mai daidai kima. Zamanin tari ya wuce."

Ya faɗi haka da ƙarfin gwiwar wanda ya ƙona wayoyi har babu sauran wadda zai ƙona. Ya haura hamsin, tumbi ya fito, amma a gidan nan har yau shi ne yaron da ba a ba wa kofin tangaran.

Yau ce ranar aikin idon Inna. Yanar ido ta rufe mata ido ɗaya, tana neman ɗayan. Tsohuwar ta kafe cewa in ba a motar marigayi Baba ba, ba za ta taka asibiti ba. Ita kuwa motar, duk ranar da likita ya sa, sai ta yi tari, ta shaƙe, ta yi lamo. Likita ya gaji da ɗagawa, ya ce in aka sake saɓawa su nemi wani.

Inna ta fito da sandarta, ta shiga baya ta zauna daram, har da 'yar fara'a.

"Ku bi ta a hankali, ba sauri ake ba."

Auta ya goge hannu a wando, ya zauna, ya murɗa makulli. Ko totur bai taɓa ba. Injin ya kama nan take, yana zuƙar iska kamar majalisa na kurɓar shayi mai zafi.

Auta ya ɗaga ido ga madubi yana jiran albarka. Inna ta damƙe marfin ƙofa, fara'ar ta ɓace.

"Wa ya taɓa ta?"

"Ni ne, Inna."

"Wa ya aike ka?" in ji ta. "Ubanku ya yi shekaru da motar nan, ba ta taɓa kai ni inda ba na so ba."

Sai a lokacin ya gane. Wata da watanni yana faɗa da kafireta, ashe ita ce lauyar Inna, mai kare ta daga wuƙar likita.

Yaya ya sunkuyo ta taga. "Ja mu tafi kafin ta buɗe ƙofa."

Auta ya dubi sitiyarin da ya yi ta mafarkin riƙewa yau. Ya fito.

"Zo ka tuƙa, Yaya. Taka totur a hankali, na babur ne, yana da saurin fushi."

Ya zagaya ya zauna kusa da Inna.

"In suka ƙarasa makantar da ni fa?"

"Sai in ja ki. Dama ba ni da aikin yi, tambayi Yaya."

Can ta saki ƙofar, ta lalubo wuyan hannunsa.

"Kai, duk baƙin mai ne."

Ba ta saki ba, har motar ta fita ƙofar gida.